Ƙasusuwan Goronyo da Ɗalibin Tudun Jukun

Tun kafin a san Goronyo ta Jihar Sakkwato da madatsar ruwa, teku ta taɓa malale yankin, fiye da shekara miliyan 66 da suka shuɗe. Shaidar hakan ita ce ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai siffar ƙaton ƙadangare, waɗanda suka daskare suka koma dutse. A shekarar 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ta ci sunan garin. Sai dai ƙoƙon kanta yana ajiye a birnin Fulorens na Italiya, inda ɗalibin da ke Tudun Jukun a Zariya ba ya ko mafarkin zuwa.

Dawo da ƙashi magana ce ta gwamnatoci, ba kuma ta yau ko gobe ba. Bayanansa kuwa ba su buƙatar jirgi. Hotonsa, awonsa, wurin da aka haƙo shi da shekarar haƙowa, duk ana iya taskace su a kwamfuta, a buɗe wa kowa ta intanet. An gwada an gani: a 2007 an fito da cikakkiyar surar kan Nigersaurus, dabbar da aka haƙo a Nijar, ta hanyar ɗaukar hoton ƙasusuwanta da na'ura.

Amma taskar da ba ta jin Hausa rabin amfani gare ta. Malamin firamare da zai yi wa yara bayani yana buƙatar fassara, da sunayen ƙauyuka yadda masu su ke faɗa, ba yadda kunnen baƙo ya ji ba. Wannan aikin kuwa na sassan Hausa ne a kwalejojin ilimi, tare da masana duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello.