Malamin Lissafi da 'Yancin Yin Kuskure

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An sallame su, an ɗauki wasu. Har yau ana muhawara kan dacewar matakin, amma akwai wani tabo da ya bari wanda ba a cika magana a kansa ba. Malamin da ke koyarwa a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi ta Kudan, ya fahimci cewa furta "ban gane ba" a gaban na gaba da shi na iya raba shi da abincinsa. Duk wanda zai tara malamai domin su warware matsalolin lissafi tare, da wannan tsoro zai fara karo, tun kafin ya ɗauki alli.

Irin wannan zama ba baƙo ba ne a jihar. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya soma ne da jihohin Kaduna, Neja da Filato. A Japan ɗin, malamai sun daɗe da al'adar shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran na kallo, sannan a zauna a tattauna. Abin da yakan ɓace idan tsarin ya iso ƙananan hukumomi shi ne ruhinsa: sai taron ya koma lacca, mai horarwa ya cika allo, malamai su kwafa, a sa hannu a takardar alawus, a watse.

Babban aikin jagoran zama shi ne riƙe amsa a bakinsa. Abu ne mai wuya, domin an saba auna malami da saurin ba da amsa. A ɗauki misalin uku a raba da rabi. Kusan kowane malami zai ce shida, domin ya haddace ƙa'idar "juya ka ninka". Amma idan aka tambayi dalilin da ya sa rabawa ta haifar da adadin da ya fi na farko yawa, sai ɗaki ya yi tsit. A nan ne raggon jagora yakan yi gaggawar bayani don ya kawar da shirun. Gwanin kuwa zai bar su uku-uku ko huɗu-huɗu, ya zaga yana saurare, har wani ya tuna cewa mai rake a kasuwar Maƙarfi, idan ya sassare sanda uku rabi-rabi, gutsure shida zai jera a faranti. Tambayar ashe ita ce: rabi nawa ne a cikin uku? Malamin da ya gano wannan da kansa ba zai sake koyar da darasin kamar dā ba.

Matsalolin da suka cancanci zaman ma suna nan a gida. Ilimin rabon gado cike yake da su. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Idan aka tara, sai a sami bakwai bisa shida, wato fiye da dukiyar gaba ɗaya. Malaman fiƙihu sun warware wannan tuntuni ta hanyar auli, inda ake mayar da asalin rabon bakwai, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwan su ɗauki huɗu. Awa guda a kan wannan ta fi shafi goma na atisaye amfani wajen fahimtar ɓangarorin lamba, kuma sau da yawa malamin Arabiyya, wanda ba a cika gayyata taron lissafi ba, shi zai fara hango mafita. Haka nan hatimin gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan hanyoyin gina irinsa.

Za a iya cewa malamin da ke fama da aji mai cunkoso, ga manhaja na jiran a kammala, ba shi da lokacin ɓatawa kan tambaya guda. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai zama ɗaya a wata, tsakanin makarantu huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka, bai buƙatar otal ko tafiya Kaduna. Aji guda da allo sun wadatar.

Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne raba zaman da aikin sa ido. Kada jami'in duba makarantu ya jagorance shi, kada a ba da maki, kada sunan wanda ya kuskure ya kai ofishin sakataren ilimi. Jagorancin ya riƙa zagayawa tsakanin malaman, kuma wanda ya jagoranta a wannan wata ya fara da kawo tambayar da ta taɓa gagarar sa a gaban ɗalibansa.