Ƙurar hunturu da tsadar inhela: Me ya rage wa masu ciwon asma?

Duk shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta baza ta a Maiduguri, Damagaram, Kano da Sakkwato. Yawancin mutane kan ƙare da mura da kaushi, amma mai ciwon asma, wato fuka, a zaune yake kwana yana neman numfashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da cutar a 2019, kuma ta kashe 455,000 a shekarar. Akasarin waɗanda suka mutu 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne.

Magani iri biyu ne

Asma kumburi ne da ke zaune a hanyoyin numfashi. Da zarar ƙura, hayaƙi ko sanyi ya taɓa su sai su tsuke.

Shuɗin inhela mai ɗauke da salbutamol, irin su Ventolin, yana buɗe hanyoyin cikin 'yan mintuna, amma ba ya taɓa kumburin. Wannan aikin inhela na rigakafi ne, mai sinadari irin su budesonide ko beclomethasone.

Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin kaɗai, domin hakan na ƙara haɗarin mummunan tashin ciwon.

Inda aljihu ya shigo

Akasarin inhela daga waje ake shigo da su Najeriya. A Yunin 2023 gwamnati ta bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. A Agusta kuma kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da daina kasuwanci kai tsaye a ƙasar, ya miƙa rabon kayansa ga dillalai. Farashi ya ninka, magungunan suka yi wuya a shagunan sayar da magani.

Idan kuɗi ya gaza, na rigakafin ake fara ajiyewa, tunda ya fi tsada kuma ba a jin amfaninsa nan take. Daga nan sai a koma wajen masu maganin gargajiya.

Zuma da habbatussauda fa?

Zuma na lafar da tari, citta da ruwan ɗumi na sanyaya maƙogwaro. An yi ƙananan gwaje-gwaje kan habbatussauda, amma a matsayin ƙari kan maganin asibiti. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buɗe ƙirjin da ya riga ya tsuke. Haka kuma ba a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Wasu hanyoyin ma cutarwa suke yi. Turara hayaƙin itatuwa ko saiwoyi ga mai asma ƙara tsuke ƙirji yake yi, zaƙami kuwa guba ne mai gusar da hankali. Sannan lambar NAFDAC a kan yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta gwajin rashin illa kawai, ba tabbacin warkarwa ba.

Abin da ba ya cin kuɗi

Hanyar gida mafi inganci ita ce guje wa abin da ke tayar da ciwon: turaren wuta a rufaffen ɗaki, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace da na janareta, taba da shisha. Yayyafa ruwa kafin shara da sanya takunkumi ranar hazo na taimakawa. Wasu masu asma kuma aspirin da ibuprofen na tayar musu da ciwon.

Akwai wata dabarar. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna cewa robar ruwa mai cin rabin lita, idan aka huda ƙasanta aka sa bakin inhela, tana isar da magani huhun yaro kamar na'urar da ake saya. Ma'aikacin lafiya zai iya nuna yadda ake haɗa ta.

Amma idan mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko shuɗin inhela bai yi aiki ba, asibiti za a nufa nan take.

Ina mafita?

A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Matakin ya fi amfanar masu sarrafawa a cikin gida, alhali inhela a haɗe yake zuwa.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma inhela na rigakafi yana cikin jerin muhimman magunguna na WHO. Saura jihohi su tabbatar ana samunsa a asibitocin matakin farko cikin farashi mai sauƙi. Idan ba haka ba, mai asma zai ci gaba da zaɓa tsakanin cefanen gida da maganin da zai hana shi kwana a zaune.