Kada Mu Tsare Tsarki da Ƙarya

'Yan'uwana a cikin Almasihu, ina da ƙara a kan waɗansunmu masu koya wa matasa zancen jiki da aure. A wani taron matasa a nan Garwa, na ji mai jawabi yana cewa kwaroron roba yana da ƙananan huji waɗanda ƙwayar cutar sida take bi ta wuce. Bayan mako biyu wani yaro ɗan sakandare ya same ni ya ce, "Baba katikis, na tambayi wani ma'aikacin asibiti, ya ce ba haka ba ne. To, sauran abin da kuke faɗa mana fa?" Kunya ta kama ni. Ƙarya guda ta sa yaron nan shakkar dukan koyarwarmu, har da ta Littafi Mai Tsarki.

Waɗansu za su ce, "Ai niyyarmu mai kyau ce, tsoro muke ba su domin su guji fasikanci." Ni ma ina koyar da kamewa kafin aure da aminci a cikin aure, ba kuwa zan daina ba. Amma Dokoki Goma da muke sa yara su haddace sun hana shaidar zur, ba su kuwa keɓe ƙarya mai kyakkyawar niyya ba. Gaskiyar ita ce, ƙwayar cutar ba ta ratsa roba mai kyau. Yin amfani da ita kullum yana rage kamuwa da misalin kashi 80 cikin 100, kamewa kuwa ita ce ke rufe wannan hanya ɗungum. Sauro ba ya yaɗa sida. Yarinya tana iya ɗaukar ciki tun daga karo na fari. Yoyon fitsari doguwar naƙuda ce take kawo shi, musamman ga wadda ƙugunta bai ƙosa ba. Wanne ne cikin waɗannan ya saɓa wa bangaskiyarmu?

Mun riga mun ga ɓarnar jita-jita a ƙasar nan. A 1990 'yan mata sun yi ta gudu daga makarantu a Kamaru, domin an ce allurar tetanos tana hana haihuwa. A 2020, da gwamnati ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, tsohuwar maganar ta sake tashi, har a bakin waɗansu masu bi. Allurar nan ba ta hana haihuwa, sankarar kuwa tana kashe mata da yawa a ƙasarmu.

Tun 2007 gwamnati ta sa ilimin zaman iyali da na sida a cikin karatun makarantu. Saboda haka 'ya'yanmu suna ji daga wurin malamansu, suna kuma gwadawa da abin da muka faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga roƙona ga fastoci, da dattawan ikkilisiya, da shugabannin zumuntar mata, daga Ngaundere har Marwa. Kowane darasi da ya taɓa lafiyar jiki, a kai shi wurin likita ko ungozoma mai horo su duba kafin a koyar. Abin da suka ce kuskure ne, a cire shi, ko daga bakin wa ya fito. Mu kuma mu riƙe namu aiki na koyar da tsarki da tsoron Allah.

Ubangiji ya ba mu bakin gaskiya a gaban 'ya'yanmu. Amin.