Waƙar Haɗeja tsakanin na'ura da kunnen mutum

Duk wanda ya ratsa kasuwar kifi ta Haɗeja da hantsi, ko ya tsaya a tasha yana jiran motar Kano ta cika, zai ji waƙa tana tashi ta kowace kusurwa: daga wayar ɗan acaɓa, daga ƙaramar lasifikar nan da ake kira MP wadda mai shayi ya rataye a ƙusa, daga rumfar masu tura waƙoƙi a memori. Wani kaso na abin da ake ji bai taɓa shiga manyan sutudiyon Kano ba. A ɗaki guda aka yi shi, da kwamfuta ɗaya da makirufo ɗaya da fiyano, wataƙila da katifa jingine a bango don ta shanye amsa-kuwwa. Waƙar amarya ce, ko begen Maulidi, ko kirarin ɗan takara, kuma kowacce akwai wanda ya biya kuɗinta yana jiran ya ji ta fito tsaf.

Mataki na ƙarshe kafin waƙa ta fita shi ne wanda masu sana'ar ke kira mastarin. Ana yawan rikita shi da miksin, alhali aiki biyu ne. A miksin ake jera murya da kiɗa da amshi, kowanne a layinsa, a ɗaga wannan a sassauta wancan. Idan an dunƙule su sun zama fayil ɗaya, sai mastarin ya karɓa: a daidaita kaurin sauti da kaifinsa, a rage tazarar da ke tsakanin inda waƙar ta yi ƙasa da inda ta yi sama, sannan a ɗaga ƙararta gaba ɗaya zuwa iyakar da ba za ta fashe ba. Shekaru da yawa aikin ƙwararru ne masu ɗaki na musamman. A 2014 kamfanin LANDR na birnin Montreal a Kanada ya fara yin sa da manhaja ta intanet: a ɗora waƙa, cikin mintuna a sauke ta a gyare. Manhajar Ozone ta kamfanin iZotope ta samu nata mataimakin mai sarrafa kansa a 2017, FL Studio da matasa da yawa ke haɗa kiɗa da ita ta bi sahu a 2023, BandLab kuwa kyauta take yi wa duk mai waya da data.

A Turai da Amurka muhawarar ita ce ko na'ura za ta kori injiniya daga aiki. Wannan tambayar ba ta zauna daidai a Haɗeja ba, domin injiniyan da ake tsoron a kora ba ya nan tun farko. Mastarin na gaske yana buƙatar ɗakin da aka gina don sauraro, da lasifikoki masu tsada, da wutar da ba ta ɗaukewa. Tura waƙa ga ƙwararre a waje kuma da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Zaɓin da ke gaban mawaƙin Haɗeja, ko na Auyo ko Malam Madori, shi ne tsakanin manhaja da yaron da ya ɗauki waƙar, ya haɗa ta, ya saurare ta sau ɗari har kunnensa ya daina bambance komai. A wannan ma'auni manhaja ci gaba ce, kuma wanda ya raina ta bai yi adalci ba. Ba ta gajiya, ba ta barin ƙara ta wuce iyaka, kuma tana fitar da waƙoƙi goma na kundi ɗaya a kan ƙarfi kusan guda. Mutum ma ba waliyyi ba ne a wannan fage. Hannun mutane ne ya tura gasar ƙara har ta kai ga kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008, wanda masoyansu da kansu suka yi ta ƙorafin cewa an matse shi har sautin ya dagule.

To amma a bar wa na'ura aikin abu ne daban, a bar mata hukunci kuma abu ne daban, kuma tarihin sana'ar ya nuna dalili. Mastarin ya samo asali ne bayan da faifan tef ya shiga sutudiyo a ƙarshen shekarun 1940. Sai an kwashe abin da ke kan tef an sassaƙa shi a kan faifan garmaho, kuma mai sassaƙar ya san cewa idan gangar ƙasa ta yi nauyi da yawa allura za ta yi tsalle ta bar hanya. Aikinsa shi ne ya daidaita waƙa da mazubin da za a ji ta a ciki. Har yau ma'anar ba ta canza ba. Tambayar farko ta mai mastarin ita ce: a ina za a saurari wannan waƙa?

Manhaja ba ta yin wannan tambayar. Tana auna sautin da aka ba ta, ta kwatanta shi da siffar ɗimbin waƙoƙin da aka koya mata, ta karkatar da shi zuwa can. Mai sauraron da ke zuciyarta yana da abin saƙalawa a kunne mai kyau, ko lasifika biyu, hagu da dama. Mai sauraron fadamar Haɗeja kuwa manomin shinkafa ne da wayarsa a aljihun gaba, ko masunci a cikin kwalekwale wajen Guri, ko taron biki da aka kafa wa lasifika a ƙofar gida. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da sauti mai kauri na ƙasa, don haka duk nauyin da manhaja ta ƙara a can ya tafi a banza, ya kuma cinye gurbin da murya za ta samu. Faɗaɗa sauti hagu da dama, wanda ke burge mutum a kunne, yakan zama asara idan aka haɗe ɓangarorin biyu a lasifika ɗaya: wasu sautuka suna soke juna, sai a ji amshi ya dushe ko fiyano ya yi nisa.

Batun ƙarfin ƙara ma haka yake. Spotify tana daidaita waƙoƙi zuwa ma'auni guda, -14 a sikelin da ake kira LUFS, YouTube ma tana rage wadda ta wuce kusan wannan matsayi, shi ya sa masu ba da shawara a intanet ke cewa gasar ƙara ta ƙare. A memori ba ta ƙare ba. Wayar da ke karanta fayil ɗin MP3 da aka turo ta Xender ko Bluetooth yawanci ba ta daidaita komai. Waƙar da aka fitar a kan ma'aunin Spotify, idan ta biyo bayan wata da aka cika wa ƙara, za ta zo kamar mai raɗa, kuma mai shayi zai tsallake ta. Wanda ya san kasuwar zai fitar da kwafi biyu, ɗaya na ɗorawa a intanet, ɗaya na titi. Manhaja na iya yin duka biyun, amma sai wani ya gaya mata.

Sannan akwai abin da ya fi waɗannan zurfi. Waƙar Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ya san inda murya take zama: a gaba, fili, kiɗa da 'yan amshi suna biye. Mawaƙan zamani na fim da na siyasa sun canza kayan kiɗa amma ba su sauka daga wannan tsari ba, domin sunan amarya da na iyayenta, ko sunan ɗan takara da mazaɓarsa, shi aka saya, kuma idan baiti ɗaya ya nutse cikin kiɗa an yi asarar cinikin. Manhajar da ta ga murya ta yi sama fiye da abin da ta saba gani tana iya ɗaukar hakan kuskure ta danne wurin. Kalangu, wanda sautinsa ke hawa da sauka yana kwaikwayon karin harshe, yana rayuwa ne a kan bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi. Matsewa mai yawa tana shafe wannan bambanci. Algaita da kakaki, irin waɗanda ake ji a hawan sallar masarautar Haɗeja, kaifinsu shi ne darajarsu, na'ura kuwa tana iya lissafa shi cikin abin da ya kamata a rage.

Babban abin da mutum ya fi na'ura da shi, duk da haka, shi ne iya cewa a'a. Masu casar shinkafa a wannan yanki sun san cewa wadda ba ta bushe daidai ba, ko wane irin inji aka kai ta karyewa za ta yi. Waƙar da aka ɗauka fanka na juyawa, janareta na ruri a bayan gida, wayar wuta na zuba gunjin nan nata cikin makirufo, idan aka ɗaga ƙararta duk waɗannan za su taso tare da ita. Manhaja za ta karɓa, ta goge, ta dawo da ita da sheƙi, ba za ta taɓa cewa a koma a sake ɗauka ba. Mutumin da bai shiga aikin ba zai ji matsalar cikin daƙiƙa goma. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma mai haɗa kiɗa a kan nasa yake tsaye.

Wannan kunne na biyu ba sai an nemo shi daga Landan ba. Yana iya zama ma'aikacin ɗakin watsa shirye-shirye na gidan rediyo, wanda ya shekara yana auna murya, ko mai wani sutudiyon da za a riƙa musayar aiki da shi, kai ko mai tura waƙoƙi da ya san wadda ake dawowa nema. Abin da ake buƙata a wurinsa shi ne ya ji kwafin da manhaja ta fitar tare da na asali, bayan an daidaita ƙararsu, domin kunne kullum yana zaɓar wanda ya fi ƙara ko da ya fi muni. A ji su a waya, a MP, a mota. Manhajoji irin su Ozone da LANDR suna karɓar waƙar misali. Mai hankali zai ba su waƙar Hausa da ya yarda da sautinta maimakon ya bar su da abin da suka zo da shi. Ɗan kuɗin da ake da shi kuwa ya fi amfani a wurin ɗauka: makirufo mai kyau, labule mai kauri, batirin da zai ba da damar kashe janareta na awa guda.

Akwai kuma sakacin da arahar manhaja ke ƙarfafawa. Da yake fayil ɗin da ya fito yana da daɗin ji kuma ba shi da nauyi, sai a riƙe MP3 a goge na asali don a samu wuri a kwamfuta. Mastarin ba ya warwaruwa: abin da aka matse ya matsu. Mawaƙin da ya ajiye miksin ɗinsa na WAV, wanda ba a taɓa ba, zai iya sake fitar da shi bayan shekara biyar da manhaja mafi kyau ko a hannun ƙwararre idan hali ya samu. A garin da ambaliya ta sha shiga gidaje, kamar yadda aka gani a daminar 2020 da ta 2022, kwafi ɗaya a kwamfutar da ke ajiye a ƙasan ɗaki bai isa ba. Ana buƙatar na biyu a wani gida, ko a ma'ajiyar intanet.