Hoton da Kika Ɗora Ya San Hanyar Gidanki

 Kin san yadda tsohuwar Bahaɗejiya za ta kalli hoto ta ce, "Wannan ai bakin kogi ne wajen Auyo," ba tare da an gaya mata ba. Launin ƙasar, kachalar da ta cika ruwan da ƙirar kwalekwalen ne suka gaya mata. To yanzu an koya wa kwamfuta wannan aikin, kuma ya shafi hotunan yaranki.

Ga yadda ake koya mata. Ana tara hotuna masu ɗimbin yawa waɗanda aka san inda aka ɗauki kowannensu. A nuna mata ɗaya, ta yi hasashe, a gaya mata amsar gaskiya, ta gyara lissafinta. Haka za a yi ta maimaitawa har ta gane irin gini, bishiya da titin da ke tafiya da kowane yanki. A 2016 masu bincike na Google sun fitar da wata manhaja mai suna PlaNet. Sun yanka taswirar duniya gida kusan 26,000, suka yi amfani da hotuna miliyan 126. A 2023 kuma ɗalibai uku na Jami'ar Stanford ta Amurka suka haɗa PIGEON, wadda aka fara koya mata haɗa hoto da rubutun da ke bayanin wurin. Daga hoton titi kawai tana gano ƙasar da aka ɗauke shi fiye da sau 90 cikin 100. Yau mai ChatGPT a waya ma yana iya tura hoto ya tambaya, "Ina ne nan?"

Za ki iya cewa, ai waɗannan sun fi sanin Landan da Dubai, ina ruwansu da Guri ko Kiri Kasama? Da gaskiyarki ta wani ɓangaren. Inda hotuna suka yi ƙaranci, hasashen yana yin faɗi, shi ya sa shimfiɗar gonar shinkafa kaɗai ba lalle ta nuna ƙauyenki ba. Sai dai manhajar tana karanta rubutu. Bajon makaranta a rigar yaro, allon kemis ɗin da ke kallon ƙofarki, lambar mota mai HJA, da abin da kika rubuta a ƙasa da hannunki: "Autana ya fara Islamiyya." A haɗa waɗannan, an samu gari, unguwa, makaranta da fuskar yaro. Ɗan damfarar da zai bugo ya ce ɗanki ya faɗi a makaranta, a turo kuɗin magani, bai buƙatar fiye da haka.

Don haka ki riƙe waɗannan kafin ki ɗora hoton yara. Ki shiga saitin kyamara ki kashe alamar wuri, domin wayar tana iya liƙa wa hoto lambobin GPS a ɓoye. WhatsApp yana goge su idan kin tura a matsayin hoto, amma idan kin tura a matsayin fayil suna tafiya tare da shi. Ki ɗauki yara a jikin bango ko labule, ba a ƙofar gida ba. Ki yanke bajo da allo. Hoton biki ko ziyara, ki bari sai kun dawo gida. Ki kuma zauna da 'yanmatanki masu ɗora bidiyo a TikTok, ki nuna musu abin da ke bayansu a hoton.

Amma akwai hoton da ɓoye wurinsa asara ne, wato hoton ambaliya. Mutanen bakin Kogin Haɗeja ba su manta da 2020 da 2022 ba, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a masarautar. Kogin yana karɓar ruwa daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano, kachala kuma tana toshe hanyoyinsa, sai ya fantsama inda ya samu. A irin wannan lokaci tsofaffin hotuna da na wasu ƙasashe sukan cika waya, har a rasa na gaskiya. Masu tantance labarai suna amfani da irin wannan fasaha su raba tsaki da tsakuwa, kuma hoton da ya zo da sunan wuri ya fi saurin gaskatuwa. Idan ruwa ya fara taɓa jinga, ki kunna alamar wuri, ki saka gada ko masallacin da aka sani a ciki, ki rubuta sunan ƙauye, rana da lokaci, ki tura wa mai unguwa da jami'an agajin gaggawa. Ba sai fuskar yara ta fito ba.

Wane abu kika taɓa hangowa a bayan hoton wata da ya nuna miki unguwarsu? Ki faɗa mana, ba tare da kama suna ba, sauran iyaye mata su ƙaru. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka.