Kafin Gizo Ya Motsa, Sai An Gyara Fitila

A hutun da ya wuce na koma gida Maje, ta Suleja a Jihar Neja, na tarar ƙanina ɗan sakandare ya mayar da ɗakinmu wurin shirya fim. Ya samo kwalin taliya ya yanke gabansa, ya gina bukkoki biyu da rumbu da laka, ya kafa busasshen reshen darbejiya a matsayin bishiya, sannan ya ƙera Gizo da Ƙoƙi da yumɓu. Dabarar ita ce ya ɗauki hoto da wayar salula, ya ɗan gusa hannun Gizo, ya sake ɗauka, haka har hotunan su taru. In aka jera su da sauri, sai ka ga 'yan tsanan suna motsi kamar masu rai. Hoto 12 ne ke ba da sakan ɗaya, ke nan minti ɗaya na cin hoto 720.

Ya fara da hantsi, bai tashi ba sai la'asar, ya tara hoto 240. Da muka kunna, sakan 20 ɗin nan sai ƙyaftawa suke yi kamar walƙiya, inuwar rumbu kuma tana yawo a tsakar gida ita kaɗai. Ya dube ni rai a ɓace ya ce, "Yaya, ko wayar ce ba ta da kyau?" Na ce masa wayar ba ta da laifi, taga ce ta cuce shi. Rana tana gusawa kimanin digiri 15 a kowace awa, ga gajimare yana gittawa, saboda haka kowane hoto da irin haskensa.

Abin da nake son faɗi a wannan shafi shi ne: wannan sana'a ba ta fi ƙarfinmu ba, kuma babban sirrinta sarrafa haske ne. Mu ɗaliban Hausa kullum muna kukan cewa katun na ƙasashen waje ya raba yaranmu da tatsuniya. Mun rubuta wannan kuka a jinga, mun maimaita shi a kundin digiri. To bayan kukan fa?

Washegari muka toshe tagar da bargo, ɗakin ya yi duhu ƙirin, muka koma ga fitila. Nan ma muka sha darasi. Wutar lantarki tana ƙaruwa tana raguwa, ana cikin aiki aka ɗauke ta, janareta kuwa ya fi ta rawa. Fitila mai caji ta fi dama, amma ita ma in cajinta ya yi ƙasa sai ta riƙa dusashewa a hankali, ido ba ya lura sai an kunna fim. Maganinsa a cika ta da caji, a yi aiki gajere, a huta. Ƙwan lantarki irin na da yana da zafi, yakan busar da yumɓu har ya tsage, shi ya sa na LED ya fi. Dole kuma a kulle hasken kyamarar wayar, kada ta riƙa gyara shi da kanta, a ɗaure wayar da fitilun yadda ko kaɗan ba za su motsa ba. Har farar jallabiyar ƙanina sai da ya cire ya sa baƙar riga, domin in ya matso tana mayar da haske cikin kwalin.

Masu harkar fim sukan yi amfani da fitila uku. Babbar tana gefe ɗaya, ita ce ranar fim ɗin. Ta biyu tana ɗaya gefen, aikinta rage duhun inuwa. Mu farar takarda muka jingina ta yi mana wannan aiki kyauta. Ta uku tana baya, tana fito da 'yar tsana daga jikin bango. Ƙaramar tocila ta isa. In ka ninka nisan fitila sau biyu, haskenta yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka a kwali gusawar taƙi guda ma babban canji ne. In inuwa ta yi kaifi, sai a tare gaban fitilar da farin ƙyalle mai shara-shara.

Wani zai ce, wannan ai aikin 'yan sashen zane ne, ina ruwan mai nazarin harshe? Ni ina ganin ruwanmu ya fi na kowa. Dubi yadda Bahaushe ya raba yini da sunaye: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, la'asar sakaliya, almuru, ga farin wata, ga duhun dare. Kowane suna da irin haskensa. Fitila a ƙasa-ƙasa ta gefe, inuwa doguwa, ka sami hantsi ko la'asar. Fitila a bisa kai, inuwa ta taƙure ƙarƙashin ƙafa, rana ta yi tsaka. Ka rage ta, ka sa mata leda shuɗiya, farin wata ya fito. Wanda ya san cewa sai da almuru Gizo ke fita ƙulla tsiyarsa, shi zai san inda za a ajiye fitila.

Ba yau aka fara wannan a yankinmu ba. A Jamhuriyar Nijar an yi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015, ya kuma daɗe yana zaune a Tawa. Tun yana matashi ya fara da fitila da yankakkun hotuna yana nuna wa mutane inuwarsu, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1977 ya fitar da Samba le Grand, fim na 'yan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawa irin ta gargajiya. A Jamus ma, tun 1926 Lotte Reiniger ta yi dogon fim a kan Yarima Ahmad na Dare Dubu da Ɗaya, da yankakken kwali da haske ta ƙasa. Ko ɗayansu bai taɓa riƙe irin wayar da ke aljihunmu ba a lokacin da ya fara.

Mu kuwa 'yan Suleja ba mu da uzuri a kan yumɓu. A garinmu, lokacin yana amsa sunan Abuja, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta yi suna a duniya, har hotonta ya hau takardar naira 20. Laka tana nan, hannu yana nan, labari yana bakin kakanninmu.

Gaskiya aikin yana da cin rai. Kwana uku muka yi kafin mu sami rabin minti mai kyau. Amma da muka nuna wa yaran gidanmu Gizo yana saɗaɗawa bayan rumbu cikin farin wata, sau bakwai suka sa muka maimaita, a ƙarshe suka taru kan Inna sai ta ba su sauran labarin. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe, ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta gwada wannan a Makon Hausa mai zuwa. Kowane aji ya zaɓi tatsuniya ɗaya, ya nemi kwali ɗaya da fitila biyu, ya kawo mana minti ɗaya. Mu kuma zauna da malamanmu mu sa wa kayan aikin sunayen Hausa tun kafin na aro su kafu a baki. Allah Ya sa mu dace, amin.