Ƙungiyar 'Yan Sikawut: Renon Soja Ko Renon Ɗan Ƙasa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar faretin ranar 1 ga Oktoba, ko na ranar yara ta 27 ga Mayu, ba zai rasa ganin wasu samari sanye da kaki ba, da ƙyalle ɗaure a wuya, suna sara wa manyan baƙi da yatsu uku. Waɗannan su ne 'yan sikawut. Wasu mutane na ɗaukarsu masu hidimar jama'a kurum, masu tsare layi a wurin taro da ɗaure wa mai rauni ciwo. Wasu kuwa kallon ƙananan sojoji suke yi musu. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙungiyar tun daga tushe, domin nuna cewa kowane ɓangare yana da hujja, kuma abin da ke bambanta renon soja da renon ɗan ƙasa shi ne irin biyayyar da aka koya wa yaro.

Tushen ƙungiyar

Ita kanta kalmar sikawut aro ce daga Ingilishi, kuma ma'anarta ta asali ita ce sojan da ake turawa gaba ya leƙo halin da abokan gaba ke ciki, watau abin da Hausawan dauri ke kira magewayi. Wanda ya kafa ƙungiyar, Robert Baden-Powell, a wannan sana'a ya yi suna. An haife shi a Landan a 1857, ya shiga soja a 1876, ya yi aiki a Indiya da Afirka. Yana cikin rundunar da Ingila ta tura Kumasi tsakanin 1895 da 1896, wadda a cikinta har da dakarun Hausawa da Turawa suka ɗauka aiki a Gwalkwas, watau Ghana ta yau. Wannan runduna ce ta tuɓe Sarkin Ashanti, Prempeh na Ɗaya, aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai komo ba sai a 1924.

Amma abin da ya ɗaukaka Baden-Powell shi ne yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa, jikokin mutanen Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu. Sun yi masa ƙawanya a garin Mafeking har kwana 217, daga Oktoban 1899 zuwa Mayun 1900. Da yake mazaje sun yi ƙaranci, sai aka sa 'ya'yan Turawan garin kai saƙonni a ƙafa da kan keke, suka kuwa yi aikin ba tare da razana ba. Wannan labari ne ake yawan ba 'yan sikawut. Wanda ba a cika ba su ba shi ne na baƙar fatar garin, waɗanda suka ɗauki makami suka taya tsaro, amma da abinci ya yi wuya su aka fara ƙuntata wa, har da yawansu suka mutu da yunwa. Wani tafintan kotu, Sol Plaatje, ya rubuta abin da ya gani a kullum, aka buga rubutun a 1973.

Yaƙin ya tayar wa shugabannin Ingila da hankali, domin kuwa an iske da yawa daga samarin da suka nemi shiga soja ba su da ƙoshin lafiya, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike wanda ya ba da rahoto a 1904. Cikin wannan fargaba ta cewa daula za ta rasa masu kare ta, Baden-Powell ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a watan Agusta na 1907, 'ya'yan masu hali da na talakawa. A 1908 ya fitar da littafinsa Scouting for Boys, wanda ya gina a kan wani ɗan littafi da ya rubuta wa sojoji a 1899. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kaki, da sarawa, da rarraba yara ƙananan rukunoni kowane da shugabansa, da taken zama cikin shiri, duk gadon bariki ne.

Daga yaƙi zuwa zumunci

To amma in an bi ta ɓarawo, sai a bi ta mabi sawu. Baden-Powell ya sha musanta cewa sojoji yake reno, kuma bai ba yawan fareti muhimmanci ba, don a ganinsa yana kashe wa yaro basira. Duk da haka, tun a 1909 wasu suka ɓalle suna zargin ƙungiyar da kusantar soja. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai aka ga 'yan sikawut na gadin gadojin jirgin ƙasa da wayoyin tangaraho da bakin teku. Wani tsohon ɗan sikawut mai shekara 16, Jack Cornwell, ya rasu sakamakon raunin da ya samu a wani gumurzun jiragen ruwa a 1916, aka ba shi lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila, ƙungiyar kuma ta ƙago lambar yabo da sunansa.

Asarar rayukan da aka yi a wannan yaƙi ce ta sauya akalar ƙungiyar. A 1920 aka yi taronta na farko na duniya a Landan, inda yara wajen 8,000 daga ƙasashe 34 suka hallara, aka shiga koyar da cewa ɗan sikawut ɗan'uwan kowane ɗan sikawut ne, ko daga ina ya fito. Wannan aƙida ce ta sa masu mulkin kama-karya suka tsane ta. Tarayyar Sobiyat, da Italiya ta Musolini, da Jamus ta Hitila, duk sun haramta ta. Sai dai abin lura shi ne, kowace daga cikinsu ta kafa tata ƙungiyar matasa mai kaki da zango da rantsuwa. Ke nan sun karɓi salon, sun yar da zumuncin, suka kuma sami yaran da ke bin umurni ido rufe.

Ɗan wace ƙasa?

A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, maganar zama ɗan ƙasa nagari ta zo da ruɗani. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1915, shekara guda bayan haɗe Kudu da Arewa. Yaron da ya shiga a wancan zamani yakan yi alkawarin sauke haƙƙin Allah da na Sarkin Ingila, alhali kuwa ba shi da ta cewa game da yadda ake mulkin ƙasar haihuwarsa. A Afirka ta Kudu ma ba a yarda baƙaƙen yara su haɗu da farare ba, sai aka keɓe musu tasu ƙungiya. Babu shakka abin da masu mulki ke nufi da ɗan ƙasa nagari a nan shi ne talaka mai ladabi.

Sai dai wanda ya koya wa yaro kishin ƙasa ba shi da ikon zaɓar masa ƙasar da zai yi wa kishi. A Aljeriya, wadda ke hannun Faransa, Muhammad Buras ya kafa rukunin 'yan sikawut Musulmi a 1935, Faransawa suka harbe shi a 1941. Ranar 8 ga Mayu 1945, a garin Setif, wani ɗan sikawut mai suna Buzid Sa'al ya ɗaga tutar Aljeriya a cikin jerin gwano, 'yan sanda suka bindige shi, rikicin da ya biyo baya ya ci rayukan dubban mutane. Haka kuma a Folan, lokacin da mutanen birnin Warso suka yi wa sojojin Hitila bore a 1944, ƙananan 'yan sikawut ne ke raba wasiƙu cikin ruwan harsashi. Ana jinjina wa waɗannan yara, kuma sun cancanta, amma bai kamata jinjinar ta sa a manta da cewa ƙananan yara aka binne ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta hana tura wanda bai kai shekara 15 ba fagen fama, aka ɗaga zuwa 18 a 2000.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga kuskure biyu da ya wajaba a kauce wa. Na farko shi ne ɓoye wa yara asalin ƙungiyar, a ba su labarin masu keke na Mafeking, a tsallake na Prempeh da na waɗanda yunwa ta kashe. Na biyu shi ne yin watsi da ita ɗungurungum saboda wannan asali, alhali ta yi nisa da shi, har hukumar UNESCO ta ba ta lambar koyar da zaman lafiya a 1981. Agajin gaggawa, da riƙon amana, da iya zama da wanda ba a haɗa harshe ko addini da shi ba, abubuwa ne da ƙasar da ta ɗanɗani yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ke matuƙar bukata.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa kowane mai neman iko ke fara kai hannu ga yara. Saboda haka nauyi yana wuyan malamai da iyaye da jagororin ƙungiyar. Lalle ne a koya wa yaro ladabi da bin na gaba, amma a haɗa masa da sanin haƙƙinsa da na maƙwabcinsa, da ƙarfin halin tambayar dalilin umurni, da ƙin aikata zalunci ko wane ne ya sa shi. Idan aka bar shi da kaki da sarawa kaɗai, to an yi wa wani reno ne, kuma ba a san ko wane ne zai zo ya hura masa usur ba.